Gyaran Wuyan Hannu Bayan Ƙashi Ya Yi Mugunya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da nake yawan sha daga mutanenmu na karkarar Kano da Jigawa, wasu a bakin gadon majinyaci, wasu a dandali idan na je gida, don an san aikina jinya ne a ɗakin masu ciwon ƙashi. Na rubuta su yadda ake yi mini su. Amsoshin ba sa maye gurbin ganin likita, amma mutum zai shiga ofishin likitan yana sane da abin da za a faɗa masa.

Malam, wai ƙashi ma yana yin mugunya kamar maruru?

Yana yi. Ƙashi ba busasshen ice ba ne, abu ne mai rai, da jini da ɓargo a cikinsa, kuma duk inda jini ke zuwa ƙwayar cuta na iya zuwa. Hanya biyu ce mafi yawa. A yara ƙanana, ƙwayar kan biyo jini daga wani ƙurji ko miki a wani wuri na jiki, ta sauka kusa da ƙarshen ƙashi inda jini ke tafiya a hankali. A manya kuwa yawanci ta rauni take shiga: an faɗi da babur ƙashi ya huda fata, an faɗo daga bishiyar ɗorawa ko daga amalanke, lauje ya sare mutum har ƙashi, ko jaki ya ciji hannu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayar da ta fi yin wannan ɓarna ita ce wadda likitoci ke kira Staphylococcus aureus, ita ce dai mai kawo maruru.

Yaya za mu gane shi tun yana sabo?

Yaro ya kwana da zazzaɓi mai zafi, ya ƙi motsa hannu ɗaya, in aka taɓa kusa da wuyan hannun sai ihu, wurin ya yi ɗumi ya fara kumbura. Kada a tsaya kan cewa zazzaɓin cizon sauro ne ko targaɗe. A kai shi asibiti a ranar. A kwanakin farko allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, wani lokaci da ɗan yanka a fitar da mugunyar, kan gama maganar gaba ɗaya. Wani abin da ke yaudarar mutane shi ne hoto: a kwana 10 zuwa 14 na farko hoton ƙashi yakan fito lafiya lau alhali ciwon na ci a ciki. Don haka "an ɗauki hoto ba a ga komai ba" ba hujjar komawa gida ba ce.

Mikin hannun ɗiyata ya kai shekara uku. Ya rufe, ya sake fashewa. Mun sha kafso har mun gaji. Me ke faruwa?

Inna, wannan ita ce tambayar da na fi so a fahimta, don duk sauran maganar a kanta take tsaye.

Idan mugunya ta taru a cikin ƙashi ba ta sami hanyar fita ba, sai ta matse ƙananan jijiyoyin jini, ta kuma ɗaga tantanin da ya lulluɓe ƙashin. Wani yanki na ƙashin sai ya rasa jini ya mutu. Jiki, a ƙoƙarinsa na kare kansa, sai ya gina sabon ƙashi ya kewaye mataccen, kamar rumbu da ɓera ya mutu a ciki. Mugunya ta huda wa kanta ƙofa ta fito ta fata. Wannan ƙofar ce kike gani tana rufewa tana buɗewa.

Magani ta jini yake tafiya. Mataccen ƙashi ba jini a cikinsa, to ta ina maganin zai isa? Kafson kemis yana kashe ƙwayoyin da ke gefe, miki ya bushe na wata biyu, a yi murna, amma uwar gayyar na nan laɓe a jikin mataccen ƙashin. Kin san ƙayar aduwa in ta karye a tafin ƙafa: ko me za a shafa, ruwa ba zai daina fita ba sai an cire ta. Nan ma haka ne, sai an shiga an ciro mataccen. Wani lokaci guntunsa kan fito da kansa ta bakin mikin, fari kamar ɓawon ƙwai. In ya fito, a naɗe a leda a kai wa likita. Kuma yawan shan kafso barkatai yana koya wa ƙwayar jure magani, ranar da za a buƙaci maganin da gaske sai a tarar ya daina ji.

Ciwon ya lafa, amma hannun yarona ya karkace kamar lauje, kuma ya fi ɗayan gajarta. Me ya jawo?

Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ƙasusuwa biyu ne a jere, ɗaya ta ɓangaren babban yatsa, ɗaya ta ɓangaren ƙaramin yatsa. A kansu ƙananan ƙasusuwa takwas na wuyan hannu suke zaune. Na ɓangaren babban yatsan shi ne ginshiƙi, shi ke ɗaukar wajen kashi 80 cikin 100 na nauyin da ke bi ta wuyan hannu. A ƙarshensa, dab da gaɓar, akwai wani faifan guringuntsi wanda daga nan ƙashin yaro ke ƙara tsawo, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na tsawon wannan ƙashi daga nan yake fitowa. In cuta ta cinye faifan, ƙashin ya daina girma, ɗan'uwansa kuwa bai daina ba. Ka ɗaura shanun huɗa biyu, ɗaya ya tsaya ɗaya na tafiya, ai ka san inda garma za ta nufa. Hannu sai ya kwanta ta ɓangaren babban yatsa, kan ɗaya ƙashin ya turo fata kamar ƙulli. Wani lokaci ma ba faifan kaɗai ba, tsakiyar ƙashin ce ta narke ta bar gurbi.

Wasu sun ce jifa ne, wasu sun ce mu koma wurin mai ɗori.

Addu'a ba ta hana tiyata, tiyata ba ta hana addu'a. Amma abin da ke cikin hannun ana ganinsa a hoto, ana kuma shuka mugunyar a ɗakin gwaji ƙwayar ta tsiro a gan ta.

Ba na zagin masu ɗori, akwai karayar da suke gyarawa kuma kowa ya shaida. Sai dai hannun da ke fitar da mugunya ba nasu ba ne. Ɗaure shi da kara tamau yana tare jini, kuma hannun da jini ya yanke masa na 'yan sa'o'i kan shanye ko ya ruɓe. Sakiya da tsagar wanzami kuma sabuwar ƙofa suke buɗe wa ƙwayoyi. In an riga an je, a faɗa wa likita gaskiya, har da abin da aka shafa da kwanakin da ɗaurin ya yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ina ya kamata mu nufa?

A fara da babban asibitin da ya fi kusa, a karɓi takardar turawa. Wannan aiki na likitan ƙashi ne. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959, ɗaya daga cikin tsoffin asibitocin ƙashi uku na gwamnatin tarayya tare da na Igbobi a Legas da na Inugu, sannan akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mutanen Jigawa suna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu da asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, daga can in aikin ya fi ƙarfin wurin a tura su gaba. A tafi da duk tsoffin hotuna da kwalayen magungunan da aka sha, ko da babu komai a cikinsu.

Mun sayar da akuyoyi mun zo don a miƙe hannun, likita ya ce wannan tiyatar ta wanke ƙashi ce kawai, gyara sai daga baya. Ba jan rai ba ne?

Baba, na san yadda wannan magana take da ɗaci ga wanda ya haɗa kuɗi da ƙyar. Amma da zai yi maka abin da kake so a rana ɗaya, da ya cuce ka. Ƙarfe ko sabon ƙashi in aka sa shi a wurin da ƙwaya take da rai, ƙwayar na maƙalewa a jikinsa, sabon ƙashin ya narke, ƙusoshin su yi lako-lako, a koma inda aka faro, akuyoyin kuma sun tafi. Ba a yin yaɓe a kan bangon da gara ke ci.

Ga yadda aikin kan tafi. Tiyatar farko ta share fage ce: a buɗe, a cire mataccen ƙashi da ruɓaɓɓen nama, a kankare har sai an kai ƙashin da ke tsattsafo da jini, don shi ne mai rai. A ɗebi nama da ƙashi daga can ciki a kai gwaji don a san takamaiman maganin da ƙwayar ke ji. Sau da yawa akan cike gurbin da wani abu da ake kira simintin ƙashi, wanda aka cuɗa da maganin kashe ƙwayoyi. Ba simintin gini ba ne, kuma ba filastar da ake naɗawa a waje ba ce. Yana riƙe gurbin kada nama ya cike shi, yana kuma sakin magani a hankali a daidai wurin. Hannun kuma a tallafe shi da filasta ko da ƙarfen da ke riƙe ƙashin daga wajen fata. Daga nan sai magani na kimanin sati shida, a fara da allura a ƙarasa da na sha. Ana bin gwajin jini don a ga ko wutar ta mutu. Wani majinyacin sai an wanke sau biyu ko uku.

Simintin nan yana da wata fa'ida da wani likitan Faransa mai suna Alain Masquelet ya gano. A cikin sati shida zuwa takwas jiki yana saƙa wani tantani mai yalwar jini a kewayen simintin. A tiyata ta biyu sai a tsaga tantanin a hankali, a cire simintin, a zuba ɓarɓashin ƙashi a ciki kamar an zuba gero a taiki, a ɗinke. Tantanin ne ke ciyar da sabon ƙashin har ya kama. Wato jiran da kake gani kamar ɓata lokaci, jiki aiki yake yi a cikinsa.

Ƙashin wa za a sa mini?

Naka. In gurbin ƙarami ne, daga ƙashin ƙugu ake ɗiba, can gefen da ake ɗaura tazuge. Wurin kan yi ciwo na 'yan makonni, wasu ma sun fi kuka da shi fiye da hannun. In gurbin dogo ne, sai a je ƙafa. A ƙwauri ƙasusuwa biyu ne, babban sangali da wani siriri a gefen waje. Siririn kaso kaɗan na nauyin jiki yake ɗauka, kuma kaurinsa ya yi daidai da ƙashin hannu, shi ya sa likitoci ke aron sa.

To ba zan gurgunce ba?

A'a, ana tafiya daidai. Likita yana barin ƙarshen ƙashin na ƙasa don idon sawu ya zauna daram. Akwai dai wata jijiya da ta zagaya wuyan ƙashin ta sama, kusa da gwiwa, wadda in ta taɓu ƙafa kan riƙa faɗuwa wajen tafiya, yawanci na ɗan lokaci. Ka tambayi likitanka game da ita, haƙƙinka ne.

Hanya biyu ake ɗauko siririn ƙashin. Ko a yanko shi haka nan a dasa, jini ya shige shi sannu a hankali daga ƙasusuwan da aka haɗa shi da su, ko a ɗauko shi da jijiyoyin jininsa a ɗinka su da na hannu ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya zo da ransa. Wani likita a Ostireliya, Ian Taylor, ya fara bayyana wannan ta biyun a 1975. Ta fi dacewa da gurbin da ya wuce kamar santimita shida, amma tiyata ce mai cin sa'o'i, mai son ƙwararru da kayan aiki na musamman, ba ko'ina ake yin ta ba.

Na ga wani yaro da ƙarafa kamar kejin tsuntsu a hannu, yana juya kusoshi da sifana. Mene ne wannan?

Dabarar wani likitan Rasha ce, Gavriil Ilizarov, wanda ya yi aiki a garin Kurgan tun shekarun 1950. Ana yanka lafiyayyen ƙashi, a jira kamar mako ɗaya, sannan a riƙa janye ɓangarorin biyu da milimita ɗaya a rana, a raba juyin gida huɗu. Sabon ƙashi na tsirowa a tsakani. Da haka ake ƙara wa gajeren ƙashi tsawo, a miƙe karkata, ko a ja ƙashi ya cike gurbi ba tare da an taɓa ƙafa ba. Santimita uku kwana talatin ne na juyi, bayan nan kuma a bar ƙarfen wajen ninki biyu na wannan lokaci kafin sabon ƙashin ya yi ƙwari.

Ra'ayina a nan: dabara ce mai kyau, amma ba ta kowane gida ba ce. Tana son wanda zai wanke bakin wayoyin da suka huda fata suka riƙe ƙashin kullum da ruwa mai tsabta, wanda ba zai manta juyi ba, da kuɗin motar komawa asibiti a kai a kai. In ƙauyenku hanya na yankewa da damina, ka faɗa wa likita tun kafin a sa.

An ce za a kulle mini wuyan hannu ya daina lanƙwasa har abada. Ni manomi ne, ina amfanin hannun?

Kalmar "kullewa" ce ke tsorata mutane. In cuta ta cinye guringuntsin gaɓar, ƙashi na gogar ƙashi, to motsin da ya rage ciwo ne kawai. Sai likita ya kankare fuskokin, ya haɗa ƙashin hannu da na wuyan hannu da farantin ƙarfe, su zama abu ɗaya a cikin kamar wata uku. Yakan ɗan ɗaga hannun sama kaɗan, yadda kake riƙe ƙotar fartanya, don a nan damƙa ta fi ƙarfi. Yatsu suna motsi, gwiwar hannu na motsi, kuma galibi kife hannu da buɗe shi na nan. Ga mai noma, mai jan guga, mai daka, hannu tsayayye mara ciwo ya fi mai lilo da ba ya iya ɗaga buta. Abin da za ka rasa shi ne dafa ƙasa da tafi sosai da shiga lungu da hannu.

Akwai wata dabara ta ƙarshe, idan ƙashin ɓangaren babban yatsa ya tafi kusan duka. Sai a ɗora hannun a kan ɗaya ƙashin da ya tsira, sangalin hannu ya koma ƙashi ɗaya. Tsohuwar dabara ce, wani likitan Ingila, Hey Groves, ya bayyana ta a 1921. A nan kife hannu da buɗe shi ya tafi, don haka matsayin da za a tsayar da hannun abin shawara ne. Na dama da ake kai loma baki da shi da na hagu da ake tsarki da shi ba buƙatarsu ɗaya ba. Ka gaya wa likita sana'arka da hannun da kake aiki da shi kafin a shiga ɗakin tiyata.

Yaro ne ɗan shekara bakwai. Mu jira ya girma?

Wankin ƙashi ba ya jira. Gyaran karkata ma bai kamata a jinkirta shi da yawa ba, don jijiyoyi da fata suna ƙanƙancewa a karkacen, ice kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma iyaye su sani, tunda faifan girman ya mutu, karkatar na iya dawowa yayin da yaron ke tsawo, har zuwa shekara 16 ko 18 da girman ƙashin ke tsayawa. Ana iya sake tiyata, ko a tsayar da girman ɗaya ƙashin don su daidaita. Hannun zai iya fin ɗayan gajarta, amma zai yi aiki.

Ɗana mai sikila ne. Da bambanci?

Sosai. Masu amosanin jini suna cikin waɗanda suka fi kamuwa, kuma a wurinsu ƙwayar Salmonella, dangin mai kawo taifot, tana yawan zama sanadi, don haka maganin kan bambanta. Ciwon ƙashin da suka saba da shi yana kama da wannan, shi ya sa ake makara. In ciwo ya tsaya wuri ɗaya da zazzaɓi da kumburi ya ƙi tafiya, a sake komawa asibiti. Kafin tiyata ana duba yawan jininsa, wataƙila a yi ƙarin jini, don haka a zo da 'yan'uwan da za su bayar.

Ƙwayar tarin fuka ma tana kama wuyan hannu, da kumburi mai zuwa a hankali ba zazzaɓi mai zafi ba, ko da mutum ba ya tari. Maganinta kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, kuma na ƙashi yakan kai shekara ana sha.

Za a yanke hannun?

Da wuya. Yanke hannu na zuwa ne in ya riga ya ruɓe saboda yankewar jini, ko cutar na neman rai, ko kuma tsohon mikin da ya yi shekaru da yawa yana zuba ya rikiɗe ya zama ciwon daji na fata. Tsoron yankewa ne ke zaunar da mutane a gida har abin ya kai ga yankewar. Kuma ba a taɓa jikin mutum sai ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar amincewa.

Nawa za mu tanada, kuma yaushe ya fi?

Farashi na sauyawa, a tambayi asibitin kai tsaye. Abin da zan ce shi ne a yi lissafin tafiyar duka, ba tiyatar farko kaɗai ba: tiyata biyu ko fiye, ƙarfe, maganin sati shida, hotuna, kuɗin mota, da abincin mai jinya. Na ga waɗanda suka yi ta farko suka ɓace da siminti a hannu, suka dawo bayan shekara. A nemi ofishin walwalar majinyata, a kuma tambaya game da shirin taimakekeniyar lafiya na jiha, Kano da Jigawa duk suna da shi.

Gyaran tsohuwar karkata ana iya tsara shi bayan kaka, lokacin da amfani ya shigo gida kuma ba aikin gona. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a nan ba karin magana ba ce, sai an nemi wanda zai riƙe gonar. Amma hannu mai zazzaɓi da kumburi bai san damina ba.

Alwala fa, da filasta a hannu?

Kada ruwa ya shiga filasta ko bakin wayoyi. Malamanmu na fiƙihu sun yi bayanin shafa a kan ɗauri, a tambayi limamin gari ya nuna yadda ake yi.

Bayan an sallame mu, me ya rage?

Yatsu. Tun washegarin tiyata a riƙa dunƙule su ana buɗewa, a ɗaga hannun sama da ƙirji kada ya kumbura, a kuma je sashen gashin ƙashi duk ranar da aka ba da. An sha gyara ƙashi ya miƙe sarai amma yatsu sun sandare don an bar hannun a rataye wata uku. Mai shan taba ya ajiye, tana hana ƙashi haɗewa. Mai ciwon suga ya kula da sugansa. A ci wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi da zogale. Fartanya da taɓarya kuwa sai hoto ya nuna ƙashi ya kama kuma likita ya ba da izini, yawanci tsakanin wata uku zuwa shida.

Cutar kan iya farkawa ko bayan shekaru. In tabon ya yi ja, ya yi ɗumi, ya fara ciwo da dare, ko ya tsattsafo da ruwa ko da ɗigo ɗaya ne, kada a biya ta kemis. A ɗauko katin asibiti da tsoffin hotuna a koma wurin likitan da ya yi aikin.